Ƙashi lafiya, gwiwa ta ƙi warkewa: abin da ke faruwa a ciki

Ɗan kabu-kabu ya faɗi tsakanin Konni da Malbaza, ko ɗan kokawa ya murɗe ƙafa a fili. Mai ɗori ya taɓa ya ce ƙashi lafiya, an yi radiyo ba a ga karaya ba. Amma ga shi wata uku gwiwa na kumbura, wani lokaci ma ta ƙage ta ƙi miƙewa. Sau da yawa guringuntsi ne ya yage.

A cikin kowace gwiwa akwai matasai biyu na guringuntsi masu siffar jinjirin wata, tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri. Likitoci na ce musu menisk. An saƙa su da wani zare mai ƙarfi, kolajen, wanda shi ke sa romon ƙafar saniya ya daskare in ya huce. Jiki kuma na da almakashinsa na yanka wannan zare, wasu sinadarai da ake kira kolajenaz. A shekarar 1962 Jerome Gross da Charles Lapière suka gano su a birnin Boston na Amurka, a wutsiyar talibambam: da su yake narkar da wutsiyarsa kafin ya zama kwaɗo.

Almakashin nan ba maƙiyi ba ne. Yayin da yaro ke yin tsawo, ɗaya daga cikinsu, MMP-13, na taimakawa wajen rushe guringuntsin da ke bakin ƙashi, don sabon ƙashi ya samu wurin zama. Haka ma a rauni, sai an share zaren da ya lalace kafin a saƙa sabo. Akwai kuma wasu sinadarai, TIMP, da ke taka musu birki in aiki ya ƙare.

Matsalar gwiwa ta jini ce. Jariri ana haihuwarsa da menisk mai jijiyoyin jini ko'ina, amma yayin da yake girma sai su ja baya, har ya zamana a jikin babba gefen waje kaɗai ke samun jini, kimanin kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka. Tsakiyar kuwa saƙarta ta yi tsauri har ƙwayoyin gyara ba sa iya ratsawa su kai ga yagar. In kumburi ya daɗe, jiki na ci gaba da fitar da kolajenaz fiye da abin da birki zai iya tarewa, sai su koma cin lafiyayyen guringuntsin da ke lulluɓe kan ƙashi. Daga nan amosanin gaɓɓai ke somawa, kuma wannan guringuntsi ba ya tsirowa kamar da.

Shi ya sa shan tramol ko maganin ciwo na ƴan tebur don a koma aiki ke da tsada daga baya. Zafi ya kwanta, yaga na nan. Manomin albasa na Galmi da ke wuni a tsugune wajen dashe na cikin masu fuskantar haka, don tsugunno na matse bayan menisk.

Wani abin mamaki, masu bincike na jami'ar Pennsylvania sun gwada sa kolajenaz kaɗan a bakin yagar da gangan, don saƙar ta yi sako-sako ƙwayoyin gyara su shiga. An gwada a kan tumaki; bai zama maganin da ake ba mutane ba tukuna.

Gwiwar da ta kumbura nan take bayan faɗuwa, ko take ƙagewa, ko take sullewa in an taka, tana buƙatar likita, a asibitin gundumar Konni ko na Illela, ko asibitin Galmi. Radiyo ƙashi take nunawa. Menisk sai gwajin hannun likita ko hoton IRM. Yagar da ke gefen mai jini ana iya ɗinke ta, musamman in an zo da wuri. Ta tsakiya kuwa, in tana hana gwiwa motsi, galibi datse ɓangaren da ya yage ake yi.