Yadda Ake Kafa Ƙofar Shiga Kwamfuta Daga Nesa

Wannan bayani domin hakimai ne da malamansu, musamman waɗanda aka danƙa wa amanar littattafan ofis. Babbar kwamfutar da ke riƙe da ajiya, wadda ake kira uwar garke, ba lalle ne mutum ya tafi inda take ba kafin ya yi aiki da ita. Yana iya shiga daga gundumarsa, in dai an yi mata ƙofa.

A da ana shiga ta hanyar Telnet, amma ita kamar wasiƙa ce marar ambulan, duk wanda ta bi ta hannunsa sai ya karanta, har da kalmar sirri. Saboda haka a shekara ta 1995 wani Bature na ƙasar Finlan, Tatu Ylönen, ya ƙago SSH, wadda ke juya magana yadda ɗan leƙen asiri ba zai gane kome ba. Irin da aka fi aiki da ita yanzu ita ce OpenSSH, ta mutanen OpenBSD, tun 1999.

Sa ta ba wuya. A kan Ubuntu ko Debian malami ya rubuta sudo apt install openssh-server, shi ke nan, sai ta tsaya tana sauraro a ƙofa mai lamba 22.

Gyaran shi ne aiki. Gama da zarar ƙofar ta buɗe ga intanet, injunan ɓarayi za su taso dare da rana suna gwada kalmomi. Sai malami ya rubuta ssh-keygen a kwamfutarsa, ya sami abu biyu, kamar kwaɗo da mabuɗinsa. Kwaɗon za a kai uwar garke da ssh-copy-id, ko wa ya gan shi ba laifi. Mabuɗin kuwa kada ya bar hannunsa, ko da wanda ya roƙa na gaba da shi ne. Kowane malami ya yi nasa, don ran da aka yi wa wani canji a cire kwaɗonsa kaɗai.

Sa'an nan a buɗe takardar dokoki, watau /etc/ssh/sshd_config. A sa PasswordAuthentication no, a hana shiga da kalmar sirri. A sa PermitRootLogin no, domin kada a shigo kai tsaye da sunan mai cikakken iko. Waɗansu kan sauya lamba 22 zuwa wata. A ganina wannan rage hayaniya ne kurum, ba tsaro ba.

To, ga inda masu gaggawa kan faɗi. Kada a hana kalmar sirri sai an tabbata mabuɗi yana buɗewa. A duba takardar da sudo sshd -t, kana a sake ta da aikin da sudo systemctl restart ssh. Kada malami ya rufe tagar da yake ciki sai ya gwada shiga ta wata sabuwa. In ya ƙi, ya kulle kansa waje ke nan, sai fa ya hau mota ya tafi har inda kwamfutar take.