BABI NA HUƊU: ƘARA WA JIRGI MARA MATUƘI BATIR DON YA DAƊE A SAMA

4.0 Shimfiɗa

A babi na uku an yi bayanin sassan jirgi mara matuƙi mai ɗaukar hoto, tun daga farfela da injinan da ke juya ta har zuwa kyamara da na'urar sarrafawa da ke hannun mai tuƙi a ƙasa. Shi kuwa wannan babi zai tsaya ne a kan sashe guda, wato batir, domin nazarin wata dabara da masu aiki da jirgin sukan yi sha'awarta, wato ƙara masa batir don ya daɗe a sama. Za a duba abin da ke kawo wannan buƙata a yankin Birnin Malam da Jega da Aliero da Maiyama, sannan a bi lissafin daki-daki don a ga iyakar abin da ƙarin zai iya bayarwa.

4.1 Dalilin Neman Ƙari

Mai ɗaukar hoton biki ko hawan salla bai cika damuwa da gajartar lokacin tashi ba, domin jama'a suna wuri ɗaya, kuma yana iya sauke jirginsa a gabansa duk lokacin da ya so. Matsalar tana bayyana ne idan aikin na fili ne mai faɗi. Gonakin albasa na Aliero da fadamar Gulbin Zamfara da ke kewayen Jega ba wurare ne da ake gama ɗauka cikin minti goma ba. Ambaliyar da ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi a daminar 2020 ta nuna irin lokacin da hoto daga sama yake da amfani ƙwarai, domin a irin wannan hali ƙafa ba ta shiga gona, babur ma ba ya shiga, ga shi kuma ana bukatar a san gonar wane ce ruwa ya ci, kuma har ina ya tsaya.

Yawancin jiragen da ke hannun masu ɗaukar hoto, kamfanonin da suka ƙera su sukan rubuta musu tsakanin minti 30 zuwa 46. Wannan adadi kuwa an samo shi ne a wurin gwaji, babu iska, da sabon batir, kuma an bar jirgin har batir ya ƙare sarai. Mai aiki ba zai iya yin haka ba, dole ya rage abin komowa gida. Daga nan ne tunanin ƙara batir yake tasowa, musamman ga wanda ya saba ganin masu gyaran waya da masu haɗa sola suna jera batura aikinsu yana kyau.

4.2 Batir da Ma'auninsa

Batirin jirgi dangin batirin wayar hannu ne, wato na sinadarin litiyam, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1991. A cikin akwatin robar da ake gani akwai ƙwayoyi da aka haɗa, kowace ƙwaya tana ba da bolt 3.7 ko 3.8. Abubuwa biyu ake rubutawa a jikinsa. Na farko shi ne bolt, wato ƙarfin turin wuta. Na biyu shi ne mAh, wato yawan cajin da yake ɗauka. Idan aka ninka na farko da na biyu, aka raba da 1000, za a sami Wh, wanda shi ne ainihin ma'aunin guzurin da jirgi zai ci a sama.

Misali, jirgin Phantom 4 Pro na kamfanin DJI, wanda ya fito a 2016, batirinsa yana da ƙwaya 4, bolt 15.2, da 5870 mAh, wato 89.2 Wh ke nan. Nauyin batirin giram 468 ne, na jirgin gaba ɗaya kuwa giram 1388. Ashe ke nan tun daga masana'anta kashi ɗaya cikin uku na nauyin jirgin batir ne. Idan aka auna, kilo ɗaya na irin wannan batir yana riƙe kimanin 190 Wh, alhali kilo ɗaya na man fetur yana riƙe kimanin 12,000 Wh. Ko da yake injin fetur yana ɓarnar mafi yawan ƙarfinsa a zafi, wannan tazara ita ce asalin matsalar: batir abu ne mai nauyi idan aka kwatanta shi da ɗan abin da ke cikinsa. Bugu da ƙari, tankin mai yana raguwa da nauyi yayin da ake tafiya, batir kuwa nauyinsa ɗaya ne ko yana cike ko ya ƙare.

4.3 Hanyoyin Ƙarin

Hanya ta farko ita ce haɗin tocila, inda kan batir ɗaya yake taɓa gindin ɗaya. Wannan bolt yake ƙarawa. Jirgin da aka gina don bolt 15.2 idan aka ba shi ninkin haka, na'urorinsa ƙonewa za su yi nan take, don haka ba a ma batun wannan hanya.

Hanya ta biyu ita ce haɗin kafaɗa da kafaɗa, jar waya da jar waya, baƙa da baƙa. A nan bolt yana nan yadda yake, mAh ne ke ƙaruwa. Wannan ce hanyar da masu gwaji suke bi, sukan ɗaure ƙarin batirin a bayan jirgi ko a ƙafafunsa, su like wayarsa da dalma. Tana da sharuɗɗa masu tsanani. Dole baturan biyu su zama iri ɗaya a yawan ƙwaya, kuma cajinsu ya zo daidai a lokacin haɗawa. In ɗaya ya fi ɗaya cika, wuta za ta kwarara daga cikakken zuwa ragaggen da ƙarfin da zai iya narka waya.

Akwai kuma wani cikas da ba a gani da ido. Batirin jiragen zamani yana da ɗan allon lantarki a cikinsa wanda ke ƙidaya wutar da ta shiga da wadda ta fita, shi ne yake gaya wa jirgi saura kashi kaza, kuma da wannan bayani ne jirgin yake yanke shawarar juyowa gida da kansa. Wannan allo bai san da baƙon batirin da aka rataya a waje ba. Saboda haka adadin da mai tuƙi ke gani a gabansa ya daina zama abin dogaro, kuma wanda yake tuƙi bisa adadin da ba gaskiya ba, a kan ruwa ko a kan taron jama'a, ya shiga kasada babba.

Hanya ta uku ita ce sayen babban batir wanda kamfanin da kansa ya yi wa jirgin, in akwai shi. Za a dawo kanta a ƙasa.

4.4 Lissafin Nauyi da Lokaci

Abin da mutum zai fara zato shi ne batir biyu zai ba da ninkin lokaci. Da haka zai kasance in da a ƙasa batirin yake, kamar na sola. Amma na jirgi, shi kansa kaya ne da dole a ɗaga. Misalinsa kamar jakin fatake ne da aka ɗora wa harawar da zai ci a hanya: duk damin da aka ƙara yana ƙara masa kwanakin tafiya, yana kuma ƙara masa gajiyar da za ta sa ya ci da yawa.

Jirgi mai farfela yana tsayawa a sama ne ta hanyar tura iska ƙasa. Idan nauyinsa ya ninka biyu, dole ƙarfin turin ya ninka biyu. To amma faɗin farfela bai ƙaru ba, don haka ba ta da wata hanyar samun wannan ƙarfi sai ta ƙara wa iskar gudu, kuma lissafi ya nuna gudun zai ƙaru sau 1.4. Wutar da inji ke ci kuwa ita ce ƙarfin turi a ninka da gudun iska, wato 2 sau 1.4, wanda ya ba da 2.8. Ke nan nauyi ya ninka biyu, cin wuta ya kusa ninka uku. In nauyi ya ninka huɗu, cin wuta zai ninka takwas.

Idan aka ɗora wannan ƙa'ida a kan Phantom 4 Pro, aka ɗauki minti 30 da kamfanin ya rubuta a matsayin mafari, ga abin da zai fito. Da batir biyu, nauyi ya zama giram 1856, guzuri ya ninka biyu, amma cin wuta ya ƙaru sau 1.55, sai lokaci ya zama kimanin minti 39. Da batir uku, nauyi giram 2324, lokaci bai cika minti 42 ba. Da batir huɗu, nauyi giram 2792, lokaci minti 42. Da na biyar kuwa lokacin raguwa yake fara yi. Wato batir na biyu ya kawo minti tara, na uku bai kai uku ba, na huɗu bai cika minti ɗaya ba, alhali kuɗinsu ɗaya ne a kasuwa. A ƙa'idar lissafi, ƙololuwar tana zuwa ne lokacin da nauyin batir ya kai ninki biyu na nauyin sauran jirgin.

Ya kamata a lura cewa wannan lissafi ya yi wa jirgin sassauci da yawa. Ya ɗauka cewa injinan za su ci gaba da aiki da inganci ɗaya kowane irin kaya aka ɗora musu, wanda ba haka abin yake ba. Inji da aka matsa wa yana yin zafi, kuma yana ɓarnar wuta. Haka kuma jirgi yana bukatar rarar ƙarfi don ya tsaya daidai idan iska ta buge shi, ko ya ja birki, ko ya tsai da kansa lokacin sauka. Ƙarin nauyi wannan rara yake fara cinyewa. Idan kuma ba a ɗaure batirin a daidai tsakiya ba, injina biyu ne za su ɗauki wahalar huɗu, su riga sauran gajiya. Don haka ko minti taran nan na farko ba a cika samun su duka ba.

Shi kansa kamfanin DJI ya ba da misali mai kyau a jirginsa Mini 3 Pro na 2022. Batirinsa na asali 2453 mAh ne, da minti 34. Babban da aka yi masa 3850 mAh ne, da minti 47. Caji ya ƙaru da kashi 57 cikin ɗari, lokaci ya ƙaru da kashi 38 kawai. Wannan kuwa aikin injiniyoyin da suka ƙera jirgin ne, ba na mai dalma a rumfar kasuwa ba. Sannan babban batirin ya ɗaga nauyin jirgin daga ƙasa da giram 249 zuwa kimanin 290, ya ƙetare iyakar giram 250 wadda dokokin Amurka da na Tarayyar Turai suke raba ƙananan jirage da manya da ita. A Nijeriya kuwa, tun a 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa ta sanar cewa ba a tashin irin wannan jirgi sai da izininta da na ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro.

4.5 Yanayin Yankin

A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin rana a wannan yanki yakan haura digiri 40, wanda shi ne iyakar da kamfanin ya rubuta wa Phantom 4 Pro. Iska mai zafi ba ta da kauri. A digiri 40 kaurinta ya ragu da kimanin kashi 8 cikin ɗari idan aka kwatanta da digiri 15, don haka farfela sai ta ƙara gudu kafin ta ɗaga kaya ɗaya, cin wuta ya ƙaru da kimanin kashi 4. Wannan kaɗan ne ga jirgin da ke da rara, amma ga wanda aka riga aka cika wa kaya yana iya zama abin da zai kayar da shi. Batirin da aka naɗe da salatif aka manna a jikin wani batir ba ya samun iskar da za ta sanyaya shi. Zafi kuwa shi ne ke sa batirin litiyam kumburi, kuma kumburarre ko wanda ya huje yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Faɗuwar irin wannan jirgi a kan rumbun albasa na kara da ciyawa, ko a kan jinka, asara ce da ta wuce kuɗin jirgin.

Lokacin hunturu, wanda ya zo daidai da noman rani, matsalarsa iska ce daga arewa maso gabas. Jirgin da ya tafi kudu maso yamma iska ce ke tura shi, sai ya yi nisa da ɗan caji, mai tuƙi ya ga kamar akwai saura da yawa. A komowa ne zai fuskanci iskar gaba da gaba, da ƙarin kaya a bayansa da kuma faɗin jiki da iska za ta kama.

4.6 Batir a Ƙasa da Batir a Sama

Idan aka koma ga alƙaluman da ke sashe na 4.4, batura uku a jikin jirgi ba su cika minti 42 ba. Waɗannan baturan uku in an ajiye biyu a jaka, ana sa su ɗaya bayan ɗaya, za su ba da minti 90 bisa ma'aunin kamfani, sai dai a cire ɗan lokacin komowa da sauyawa. Ga aikin gonakin Aliero da Maiyama, inda mai tuƙi zai iya hawa babur ya matsa zuwa wani gefen fili, wannan ita ce hanyar da ta fi riba nesa ba kusa ba. Abin da take bukata shi ne inuwa ga baturan, kada a bar su cikin mota a rana, kuma wanda ya sauko da zafi a bar shi ya huce kafin a sa shi caji. Wanda za a ajiye kwanaki kuwa a bar shi da kimanin rabin caji, ba a cike ba.

Inda wannan hanya take gazawa shi ne lokacin ambaliya, sa'ad da fadama ta zama ruwa ɗaya kuma babu tudun da za a matsa a tsaya. A nan dogon tashi guda ake bukata da gaske. Babban batirin kamfani yana iya ƙara minti goma ko sha uku ba tare da rikita ƙidayar caji ba. Abin da ya wuce haka aikin jirgi mai fiffike ne, wanda gudunsa ne ke riƙe shi a sama, don haka ba ya cin wuta kamar mai tsayawa da farfela. Irin wannan ne kamfanin Zipline ya fara kai jini da shi asibitocin Ruwanda a 2016, kuma a 2022 ya fara kai magunguna da allurar rigakafi a Jihar Kaduna, yana tafiyar kilomita masu yawa ya komo da caji ɗaya. Sai dai shi ba ya tsayawa cak a kan gona ɗaya, don haka hotonsa a cikin tafiya ake ɗauka, a zo a haɗa su a kwamfuta su zama taswira, kuma yadda ake wannan haɗin ne babi na biyar zai duba.