Kyautar Na'ura Ga 'Yan Sa Kai: Ƙaramin Jarin Da Ke Tsawaita Ran Rauta

A kowane otal, ofis ko shagon da ake sayar wa jama'a da lokacin shiga intanet, akwai wani ɗan akwati mai ƙahonni da ake ajiyewa bisa kanta ko a rataye a bango, wanda ba a cika tunawa da shi ba sai ran da ya tsaya. Wannan akwati shi ne na'urar rarraba intanet, wadda 'yan kasuwa ke kira rauta. Jikin na'urar kan yi shekara goma bai gaza ba, amma manhajar da ke cikinta, wadda ita ce ke tafiyar da ita, sau da yawa kamfanin da ya ƙera kan daina gyara ta bayan 'yan shekaru, saboda hankalinsa ya koma kan sabon samfuri.

Wannan giɓi ne wasu masana kwamfuta 'yan sa kai, waɗanda ke warwatse a ƙasashe da dama, suka shafe fiye da shekara 20 suna cikewa. Suna rubuta manhajar da za ta maye gurbin ta kamfani, su kuma bayar da ita kyauta ga duk mai so. Babban abin da ke yi wa aikinsu tarnaƙi shi ne samun ita kanta na'urar a hannu, domin ba a ɗinka wa mutum riga ba tare da an auna shi ba. Dalili ke nan da ya sa kyautar rauta guda ɗaya ga masanin da ya dace ta zama wata hanya ta taimako da ake ji da ita a wannan fage.

Asalin al'amarin ya faro ne daga wata taƙaddama kan lasisi. A ƙarshen shekarar 2002 kamfanin Linksys na ƙasar Amurka ya fito da wata rauta mai suna WRT54G, wadda ta samu karɓuwa ƙwarai. A watan Maris na 2003 kamfanin Cisco ya bayar da sanarwar sayen Linksys a kan dalar Amurka miliyan 500. Ba a daɗe ba masana suka gano cewa an gina manhajar wannan rauta ne a kan Linux, alhali kuwa lasisin Linux, wato GPL, ya wajabta wa duk wanda ya sayar da kaya mai ɗauke da ita ya bayyana rubutun asali na manhajar. Da matsin lamba ya yi yawa, sai kamfanin ya saki rubutun a cikin wannan shekara.

Daga wannan rubutu ne aka kafa shirin OpenWrt a watan Janairu na 2004, sa'an nan DD-WRT ya biyo baya a 2005 a ƙarƙashin jagorancin wani Bajamushe, Sebastian Gottschall, kana Tomato na Jonathan Zarate a 2006. Da waɗannan manhajoji, rautar gida mai araha ta soma yin ayyukan da a da sai na'urorin manyan kamfanoni masu tsada ke yi, kamar raba wa kowane abokin ciniki gwargwadon ƙarfin intanet da ya biya, da keɓe layin baƙi daga layin ma'aikata, da haɗa reshe da hedkwata ta amintacciyar hanya. A lokacin da OpenWrt ya fitar da bugunsa na 24.10 a watan Fabrairu na 2025, yawan na'urorin da yake aiki a kansu ya kusa 2,000.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan na'urori sai da wani ya zauna da ita a gabansa kafin sunanta ya shiga jerin. Masanin kan kwance murfinta, ya duba irin ƙwaƙwalwar lantarkin da aka sa mata da girman ma'ajiyarta, sa'an nan ya nemo wasu 'yan ramuka a jikin allon, ya liƙa musu waya da dalma domin ya karanta abin da na'urar ke faɗa yayin da take tashi. Daga nan zai kwafe manhajar kamfani ya adana, ya rubuta bayanin da zai sanar da Linux inda kowace fitila, kowane maɓalli da kowace kafar waya suke, ya ɗora, ya gwada, ya sake gyarawa. Kuskure ɗaya wajen ɗorawar na iya kashe na'urar, abin da su masanan ke cewa ta zama bulo. Wanda ke wannan aiki da daddare bayan ya tashi daga wurin neman abincinsa, ba zai iya sayen kowane samfuri da kuɗin aljihunsa ba, balle ya sayi na biyu idan na farko ya mutu.

Daɗin daɗawa, kamfanoni kan sauya kayan cikin na'ura ba tare da sun sauya sunanta ba. Misalin da ya fi shahara shi ne na ita WRT54G ɗin. Samfuran farko suna da ma'ajiya mai megabait 4 da wurin aiki mai megabait 16, amma a 2005, da aka fito da samfuri na biyar, sai aka rage kowannensu da rabi, aka kuma sauya Linux da wata manhaja mai suna VxWorks domin rage kuɗin ƙira. Masu saye da yawa sun ɗauko kwali mai suna iri ɗaya, suka tarar manhajar 'yan sa kai ba ta zauna a ciki yadda suka saba ba. Saboda haka kowane sabon samfuri na tsohon suna tamkar sabuwar na'ura ce, wadda ita ma tilas wani ya samu a hannu ya bincika.

Abin da ya biyo baya darasi ne ga masu ciniki. Ganin cewa akwai masu saye da ke neman na'urar saboda manhajar 'yan sa kai kaɗai, Linksys ya dawo da tsohuwar ƙirar a ƙarƙashin sunan WRT54GL, aka kuma ci gaba da sayar da ita fiye da shekara goma bayan haka, duk da cewa fasaharta ta tsufa. Kamfanin Buffalo na Japan ya riƙa sayar da wasu rautocinsa ɗauke da DD-WRT tun daga masana'anta, haka nan kamfanin GL.iNet ya gina kasuwancinsa a kan OpenWrt. Wato aikin da aka yi kyauta ya koma dalilin da ke sa kaya su yi kasuwa.

Sai dai kyautar na'ura tana da iyaka, kuma wajibi ne mai bayarwa ya san ta. Na farko, kyauta ce, babu yarjejeniyar aiki a cikinta; wanda ya karɓa yana iya gwadawa ya kasa, ko hidimar gidansa ta ɗauke masa hankali. Na biyu, akwai ƙofar da mabuɗinta ke hannun masu ƙera ƙwaƙwalwar lantarki. Idan ba su bayyana yadda sashen rediyon na'urar ke aiki ba, ko rauta ɗari aka tara wa masani ba zai iya sa ta watsa intanet yadda ya kamata ba. Wannan ne ya sa rautoci masu ƙwaƙwalwar Broadcom suka daɗe suna ba masana wahala, yayin da na Atheros suka zama abin so bayan kamfanin ya saki manhajar sarrafa rediyonsa a 2008, na MediaTek kuma suka samu gindin zama albarkacin aikin da Felix Fietkau, ɗaya daga cikin jiga-jigan OpenWrt, ya yi a kansu. Shi kansa Linksys, da ya fito da WRT1900AC a 2014 yana tallar cewa za ta ɗauki buɗaɗɗiyar manhaja, sai da masu saye suka yi jiran watanni kafin a samu manhajar rediyonta mai aiki.

Iyaka ta uku ita ce ƙanƙantar na'urar. Bugun 19.07 shi ne na ƙarshe da OpenWrt ya yi wa rautoci masu ma'ajiyar megabait 4 da wurin aiki mai megabait 32, irin su yawancin samfuran TL-WR841N na TP-Link, waɗanda ƙungiyoyin Freifunk na ƙasar Jamus suka yi ta amfani da su wajen shimfiɗa intanet na unguwa. Tsohuwar na'urar da ta yi ƙura a sito, in ta faɗa cikin wannan rukuni, kai ta ga masani ɗora masa kaya ne kawai. Kyautar da ke da amfani ita ce sabon samfurin da ke yawo a kasuwa wanda bai shiga jerin ba tukuna.

Batun ya wuce na ƙarin ayyuka, domin akwai tsaron dukiya a ciki. A watan Mayu na 2018 sashen bincike na Cisco, wato Talos, ya bayyana cewa wata muguwar manhaja mai suna VPNFilter ta kama aƙalla na'urori 500,000 a ƙasashe 54, yawancinsu rautocin gidaje da na ƙananan ofisoshi, har hukumar FBI ta Amurka ta roƙi jama'a su kashe rautocinsu su sake kunnawa. Duk saƙon ciniki da bayanan banki na ofis ta cikin rauta suke bi, saboda haka wadda aka daina gyara manhajarta tamkar shago ne da aka bar tagarsa a buɗe. Na'urar da ke cikin jerin 'yan sa kai kuwa takan ci gaba da samun gyara bayan kamfaninta ya juya mata baya.

Bayan shekara 20 na dogaro da kayan wasu, masanan OpenWrt sun ƙera tasu na'urar. Shirin ya shiga ƙarƙashin inuwar ƙungiyar Software Freedom Conservancy ta Amurka a 2020, wadda ke riƙe masa asusu, sa'an nan a watan Nuwamba na 2024 aka fito da OpenWrt One tare da haɗin gwiwar masu ƙera Banana Pi na ƙasar Sin, a kan dala 89, inda aka ware dala 10 daga kuɗin kowace guda ga asusun shirin. Ƙirar tata ta nuna irin wuyar da masanan suka sha a baya: an sa mata ma'ajiya biyu da maɓallin sauyawa domin a farfaɗo da ita idan ɗorawa ta ɓaci, an kuma fito da kafar karanta bayanan tashinta waje, ba sai an kwance murfi an nemi dalma ba. Duk da haka, na'ura ɗaya ce a cikin dubbai, sauran kuwa har yanzu sai an samu mai bayarwa.

Ga 'yan kasuwar da ke shigo da kayan sadarwa, ko a kasuwar kwamfuta ta Ikeja suke ko a wani wuri, lissafin a bayyane yake. Kafin a yi odar kaya, ya kamata a duba ko samfurin yana cikin jerin na'urorin da manhajar ke ɗauka, a kuma tabbatar da lambar ƙirar da ke rubuce a ƙasan na'urar, domin suna kaɗai ba ya wadatarwa. Idan ba ya ciki, cire guda biyu daga cikin kaya a aika wa masanin da ya nuna sha'awa, bayan an tuntuɓe shi an kuma ɗauki nauyin kuɗin aikawa da na kwastan, bai kai asarar da ake yi wajen kayan da suka fashe a hanya ba. Har ila yau ya dace a sanar da mai saye cewa sauya manhaja na iya soke garantin kamfani. In aikin ya yi nasara, gyaran da aka yi a kan waɗancan guda biyu zai amfani duk wanda ya sayi irinsu a ko'ina cikin duniya, dillalin kuma ya samu kayan da zai iya tsaya wa shekaru bayan ya sayar.