Ƙudan Ayaba: Abincin da 'Yan Tsakin Keji ke Jira

Duk mai kiwon ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba ya san wannan takaici. Mace ta yi sheƙa, ta kwanta a kan ƙwai kusan mako biyu, ta ƙyanƙyashe lafiya. Bayan kwana biyu ko uku sai a wayi gari a tarar da 'yan tsakin a ƙasan keji, tsirara, sun yi sanyi. Ga gero cike da kwano, ga ruwa mai tsabta. Sai mai kiwo ya ce uwar ce muguwa.

Ba mugunta ba ce. Tsaba tana riƙe babban tsuntsu, amma ɗan tsakon da zai yi gashi ya bar sheƙa cikin mako uku yana bukatar sinadarin gina jiki fiye da abin da gero ko acca za su ba shi. A daji iyayen gara suke kamawa, da tsutsotsi da ƙananan ƙwari, su ɗura wa 'ya'yansu. Idan suka leƙa ko'ina a keji ba su ga abu mai motsi ba, da yawansu sukan daina ciyarwa, wasu ma su jefo 'ya'yan waje.

Masu kiwo a Turai sun koyi wannan darasi ne da tsada. Shekara da shekaru ana kwasar irin waɗannan tsuntsaye daga Senegal da Mali da Gini ana kai musu, wanda ya mutu a sayi wani. A 2005, saboda murar tsuntsaye, Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da tsuntsayen daji, a 2007 kuma ta mai da haramcin na dindindin. Daga nan wanda yake son ɗan shuɗin tsuntsun nan mai jan kumatu, wanda muke gani yana tsattsaga a bayan gida, dole ya iya hayayyafa shi. Hayayyafa kuwa da wuya ta yiwu sai da abinci mai rai.

Cikin abincin da suka fi dogara da shi akwai 'yan mitsi-mitsin ƙudajen nan masu jan ido da ke taruwa a kan ɓawon ayaba ko mangwaron da ya nuna ya wuce. Masana suna kiransa Drosophila melanogaster, tsawonsa kamar milimita 3, asalinsa kuma nan Afirka ne. Shi ne ƙwaron da Thomas Hunt Morgan ya yi ta nazari a Jami'ar Kolombiya da ke Amurka, inda a 1910 ya ga wani namiji mai farin ido, abin da ya buɗe masa hanyar fahimtar yadda ake gadon kama, har ya sami kyautar Nobel a 1933. Kada manomi ya rikita wannan ƙwaro da babban ƙudan da ke huda mangwaro tun yana bisa itace. Wannan namu sai abu ya fara ruɓewa yake zuwa, domin yis ɗin da ke tsirowa a kan ruɓaɓɓen abu shi tsutsarsa ke ci.

Abin da ya sa ya dace da kiwo shi ne saurin haihuwarsa. A zafi na digiri 25, daga ƙwai zuwa tsutsa zuwa cikakken ƙuda kwana 10 ne kacal, mace guda kuma tana iya zuba ƙwai ɗaruruwa a rayuwarta. Jikinsa da laushi, ƙanƙantarsa daidai bakin ɗan tsakon da bai kai ɗan yatsa ba.

Hanya mafi sauƙi bokiti ce. A zuba ɓawon ayaba da na gwanda ko kankana, a ajiye a inuwa kwana biyu, ƙudajen za su zo da kansu ba gayyata. Sai a rufe bakin da ragar waya mai ƙofofin da ƙuda zai iya fita amma bakin tsuntsu ba zai kai ga ruɓaɓɓen ba, a sa a kusurwar ɗakin tsuntsayen. Zauna ka kalla da sassafe. Za ka ga namijin tsuntsun ya sauka a gefen bokitin, ya karkata kai, ya cafke ɗaya, ya cafke na biyu, ya yi tsalle ya kamo na uku a iska, sannan ya nufi sheƙa. Tsuntsun da ya wuni kan sanda ɗaya jiya, yau farauta yake yi. Ni a ganina wannan motsin ma kaɗai ya isa dalili.

Masu keji a cikin ɗaki sukan yi amfani da kwalba. Ana dama garin dankali ko markaɗaɗɗiyar ayaba, a barbaɗa yis kaɗan, a ɗiga ruwan kal don hana fumfuna, a cusa tsinken itace ko takarda inda tsutsa za ta hau, a rufe da ƙyalle mai shan iska. A Turai da Amurka ana sayar da irin da ba ya tashi, mai nakasasshen fiffike, da kuma wani ɗan'uwansa mafi girma, Drosophila hydei, wanda ya fi jinkirin girma. Idan ƙudan waje ya shiga kwalbar ya haɗu da marasa tashin, 'ya'yan da za a haifa masu tashi ne.

Akwai inda ake tuntuɓe. Na farko zafi: idan ya kai digiri 30 mazan ƙudan sukan daina haihuwa, don haka a bazararmu sai an nemi wuri mafi sanyi a gida, kusa da randa misali. Na biyu, kwalba idan ta wuce wata guda takan cika da wasu ƙwari kamar ƙura, gara a riƙa ɗibar iri ana sabuwa kowane mako. Na uku, ƙudan ba shi da isasshen kalsiyam, sai an haɗa da ɓawon ƙwan kaza da aka gasa aka daka. Kuma bokiti ɗaya ba ya ƙosar da sheƙa mai 'ya'ya huɗu. A tanadi biyu ko uku, a ƙara da dafaffen ƙwai da gara idan an samu. Abin da bai kamata a kusanta ba shi ne tsutsar ruɓaɓɓen nama ko mushe, don tana iya ɗauko gubar da ke shanye tsuntsu har ta kashe shi. Haka ɓawon da aka yi wa feshin maganin ƙwari.

Mai kiwo, kada ka jira sai an ƙyanƙyashe. Ranar da ka ga mace ta zuba ƙwan farko, ranar za ka haɗa bokitinka, domin ƙudajen su riga 'yan tsakin fitowa.