Feshin Yashi: Kankare Tsatsar Manyan Injuna Ba Tare da Shaƙar Guba Ba

Tsatsa na kama ƙarfe ne idan danshi da iska suka haɗu a kansa. Tarakta ko tifa ko katafilar da ta yi damina a fili takan fito da ɓawon tsatsa a ƙarƙashinta da lungunan da burushin ƙarfe ba ya kaiwa. Hanya mafi sauri ta kankare ta ita ce feshin yashi, wato a harba ƙananan ƙwayoyi da ƙarfin iska har ƙarfen ya fito fes. Wani Ba'amurke mai suna Benjamin Tilghman ne ya yi wa wannan fasaha rajista a 1870.

Kayan aikin ba su da yawa: kwamfureso mai tara iska, tukunyar da ake zuba ƙwayoyin, tiyo mai kauri, da bakin feshi. Galibi ana aiki da matsin iska na ma'aunin bar 6 zuwa 7, ƙarfin da zai iya yaga fatar mutum. Shi ya sa ake ɗaure mahaɗar tiyo da waya don kada ta fizge, a kuma sa wa bakin feshin mariƙin da ke yanke iska da zarar hannu ya sake shi. Kafin a fara, ana wanke giris da baƙin mai, a rufe gilashi da boris da wayoyin lantarki.

Babban haɗarin dai ƙura ce. Yashin rafi yana ɗauke da sinadarin silika. Idan ya farfashe a jikin ƙarfe, sai ya koma garin da ido ba ya gani, ya shige huhu ya yi masa tabo. Wannan cuta ba ta warkewa, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Tun tsakiyar ƙarni na 20 Ingila ta hana feshi da irin wannan yashi, Turkiyya kuma ta hana feshe wandunan jins da shi a 2009 bayan ma'aikata sun yi ta mutuwa. Maimakonsa ana amfani da tsakin ƙarfe ko niƙaƙƙen gilashi, ko kuma a haɗa feshin da ruwa don ƙurar ta kwanta.

Haɗari na biyu shi ne dalma, wadda tsohon fentin injuna kan ƙunsa. Mutanen 'Yargalma ta ƙaramar hukumar Bukkuyum da Dareta ta Anka sun san illarta. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa ƙurar dutsen zinariya mai ɗauke da dalma da ake niƙawa a cikin gidaje ce ke kashe yara a yankin, kuma sama da 400 suka rasu a Zamfara. Sai da aka kwashe ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Don haka duk injin da ya taɓa niƙa dutsen ma'adinai a wannan yanki, ana ɗaukarsa a matsayin mai dalma: a wanke shi da ruwa tukuna, kuma kada a mayar da shi niƙan hatsi.

Wurin aikin ya kasance bayan gari, nesa da rijiya da kasuwa da wajen wasan yara. A kewaye shi da tamfol, a shimfiɗa wani a ƙasa. Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare wannan ƙura. Mai feshi na bukatar hular kwano mai rufe kai duka, wadda ake turo mata tatacciyar iska daga inda hayaƙin inji ba ya kaiwa, tare da safar hannu ta fata da abin toshe kunne.

Bayan an gama, a yayyafa wa dattin ruwa, a kwashe shi cikin duro mai murfi, ba a share shi a bushe ba. Ma'aikaci ya yi wanka ya sauya tufafi a wurin kafin ya nufi gida. Ƙarfen kuwa a shafa masa fentin farko a ranar, domin raɓar dare ɗaya ta isa ta dawo da tsatsa.