MAI SHAYARWA: ABIN DA ZA KA TANADAR MATA DAGA GONA DA GIDA

Ya kai manomi, kowace shekara kana tanadin iri da taki da sungumi tun ruwa bai sauka ba. To, in akwai mai ciki ko mai goyo a gidanka, ita ma akwai tanadin da za ka yi mata tun kafin haihuwa. Mutanen Madarunfa da Ɗan Isa da Gabi ba su manta da shekarar 2005 ba, lokacin da gidajen likita suka cika da yara masu tamowa, galibinsu ƴan ƙasa da shekara 3. Babban abin da ke tsare ƙaramin yaro daga wannan ciwo shi ne nonon uwarsa. Ita kuma uwar tana bukatar abinci, da ruwa, da hutu. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wannan nauyi a kanka yake, maigida. Aya ta 233 cikin Suratul Baƙara ta ambaci shekara 2 cikakku na shayarwa, ta kuma ɗora ci da tufafin mai shayarwa a kan uban yaro.

YADDA NONO KE ZUWA

Nono kamar rijiya yake a cikin fadama. In ana ɗiba yana ɓuɓɓugowa, in an bar shi sai ya ja baya. Tsotson jariri ne ke kiran ruwan nono. Saboda haka a sa shi ga mama cikin awa ɗaya bayan haihuwa, a riƙa ba shi dare da rana, sau 8 zuwa 12 ko fiye, duk lokacin da ya nema.

Nonon farko mai kauri, mai ruwan ɗorawa, shi ne dakashi. A garuruwa da yawa ana tatse shi a zubar, ko a ce sai an gwada shi da tururuwa kafin a ba yaro. Wannan hasara ce babba. Dakashi kaɗan ne, amma cikin jariri ma ƙarami ne a ranakun farko, ya ishe shi. Yana ɗauke da abubuwan da ke yaƙi da cuta, yana kuma taimaka wa jariri ya fitar da baƙin kashin nan na farko. Ka gaya wa mahaifiyarka da ungozoma tun da wuri cewa a gidanka ba za a zubar da dakashi ba.

Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawara cewa a ba jariri nono zalla har wata 6. Ba ruwa, ba bauri, ba kunu, ba nonon akuya, sai fa maganin da likita ya bayar. Za ka ce, a zafin bazara irin na Maraɗi yaro ba zai ji ƙishirwa ba? Ka sani cewa cikin kashi 100 na nono, kusan kashi 88 ruwa ne, ruwa mai tsabta kuma. Ruwan randa ko na tafki yana iya sa masa zawo, yana kuma cika masa ciki ya rage tsotso, nono ya ragu. In zafi ya yi yawa, uwa ta ƙara shan ruwa, ta ƙara ba shi mama.

ABINCIN MAI SHAYARWA

Jikin mace yana yin kusan kashi 3 cikin 4 na lita na nono kowace rana. Don haka tana bukatar ƙarin abinci, abin da masana suka auna kusan kalori 500 a yini, wato kamar ci ɗaya a kan wanda ta saba. In ka mai da shi hatsi, kusan tiya 2 ke nan a wata, tiya 12 a wata 6. Yaron da ake ba madarar gwangwani kuwa yana shanye kusan kilo 20 a cikin waɗannan watanni, wato gwangwani 50 masu giram 400. Tambayi kuɗin gwangwani ɗaya a kasuwar Maraɗi, ka yi lissafin da kanka.

Hatsi kaɗai ba ya isa. Ga abin da za ka haɗa mata da shi, kuma duk akwai su a ƙasarmu:

1. Wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, riɗi da daddawa. Su ke gina jiki. Kada ka sayar da waken gonarka duka a kaka, ka ware nata.

2. Ganye. Zogale, wanda muke kira tamaka, ana noma shi da yawa a fadamar Jiratawa. Akwai kuma rama, yakuwa, tafasa, lalo da kuka. In za a shanya ganye don rani, a shanya a inuwa, rana tana cinye amfaninsa. Dasa zogale 3 ko 4 a bayan ɗaki, inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa.

3. Kifi, ƙwai, hanta da fara. Tarwaɗa da karfasa na tafkin Madarunfa, ko busasshe ne, yana gyara miya yana gyara jiki. Da damina ƙwan zabi yana yawa, a bar mata wasu kafin a kai kasuwa. Hanta tana mayar da jinin da ta zubar wurin haihuwa.

4. Nonon dabba. Jar akuyar Maraɗi tana da nono. Uwa ta sha shi dafaffe, ko a dama mata fura da shi.

5. Ruwa mai tsabta. A ajiye mata tulu mai murfi kusa da inda take zama, ta sha duk lokacin da take shayarwa.

Akwai wata al'ada da ya kamata mu duba. In an gama girbi, wasu magidanta sukan rufe rumbun gandu, su tafi cin rani, su bar mata su ci abin da suka samu a gamanarsu. Macen da ta yi damina da tsohon ciki ba ta noma gamana sosai ba. Kafin ka rufe rumbu, fitar mata da rabonta har na ranar da za ka komo.

WANKAN JEGO DA KUNUN KANWA

Kwana 40 na jego hutu ne mai kyau da kakanninmu suka bar mana, a riƙe shi. Amma a yi hattara da abu biyu. A shekarun 1970 likitocin Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya ga mata masu jego, suka yi zargin yawan kanwa da tsananin zafin wanka da na gado. Kanwa danginta ɗaya da gishiri, in ta yi yawa tana tara ruwa a jiki, tana hawar da jini. A rage ta cikin kunu, a riƙa sauyawa da kunun gyaɗa ko na tsamiya. Ruwan wanka kuma a surka shi, kada ya ƙona fata. In ka ga ƙafafunta sun kumbura, tana haki ko ba ta yi aiki ba, ko ba ta iya kwanciya sai a jingine, kai ta likita ranar nan.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Gidan sauro mai magani. Uwa da jariri su kwana a ciki kullum, musamman ku da ke kusa da tafki da gulbi. Zazzaɓin cizon sauro yana ƙarar da jinin uwa, yana kashe jarirai.

Sabulu da buta. Ta wanke hannu bayan ta wanke wa yaro kashi, bayan ta fito bayan gida, da kafin ta taɓa abinci. Mama kuwa ba ya bukatar wanki da sabulu kafin kowace shayarwa, wankan yini ya isa.

Zannuwa da majanyi, aƙalla biyu-biyu, don in an wanke wani a sami na sauyi.

Kofi mai murfi da ƙaramin cokali. In za ta bar yaro na ɗan lokaci, ta wanke hannu, ta tatsa nono a kofin da aka wanke da tafasasshen ruwa, a rufe, a ajiye a gindin randa inda ke da sanyi. Kada ya wuce awa 4. A ba yaro da kofi ko cokali. Kada ka sayi bibero: wanke shi da wuya, ƙuda na binsa, zawo na biyo baya. Tun 1981 ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar da ta hana tallar bibero da madarar jarirai ga jama'a.

Karnen awo da ƙwayar ƙarin jini. Ajiye karne cikin leda, inda gara da ruwa ba su kai ba. A tafi da shi duk ranar awo da rigakafi.

RAGE MATA AIKI

Watan Yuli da na Agusta su ne mafi wuya. Rumbu ya yi ƙasa, noma ya tsananta, sauro ya yi yawa. Macen da ta yi daka da asuba, ta ɗebo ruwa, ta yi itace, ta kai fura gona, ta kama hauya, yaushe za ta zauna ta shayar sau 8? Ga abin da za ka iya yi. Ba ta kuɗin injin niƙa maimakon daka. Ɗauko ruwa da itace a amalanke in za ka komo gida. Ɗauke mata aikin gandu a watannin farko. In dole sai ta je gona, ta tafi da jaririn, ka yi musu rumfa ko su zauna a inuwar kalgo, ta shayar duk lokacin da ya motsa.

Ke uwar miji, ke abokiyar zama, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Karɓar mata girki, riƙe mata babban yaron, wata rana ita za ta yi muku. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka soma a jihar Maraɗi a 1991, suna da asusu. Mace na iya samun rance a nan ta sayi akuya ko kaji tun tana da ciki.

IN AN CE NONO BAI ISA BA

Kafin a yanke hukunci, a duba abu biyu. In jaririn da ke shan nono zalla yana fitsari sau 6 ko fiye a yini, nauyinsa kuma yana hawa a wurin awo, to yana ƙoshi. Sannan a duba yadda ya kama mama: bakinsa a buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓarsa tana taɓa mama, ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan nono. In kan nonon kaɗai yake tsotsa, zai tsage, uwa ta ji zafi, shi kuma bai samu ba. A bar shi ya gama da mama ɗaya kafin a sauya, don nonon ƙarshe ya fi maiƙo, shi ke riƙe ciki.

In mama ya kumbura ya yi tauri, kada a daina ba shi. In ya yi ja, da zafin jiki, a tafi likita. Uwa mai mura ko zazzaɓi ta ci gaba da shayarwa tana shan magani.

BAYAN WATA 6

Daga nan sai a ƙara masa abinci a kan nono: kunu mai kauri wanda ba ya zuba daga cokali, da garin gyaɗa ko na wake, da garin zogale, da ɗan mai. Sau 2 ko 3 a yini, daga wata 9 kuma sau 3 ko 4. Nono ya ci gaba har shekara 2.

In an yi rurrutsa, kada a yaye yaro rana ɗaya a kai shi wurin kaka. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Yayen gaggawa shi ne ke jefa yara da yawa cikin tamowa. A ƙara wa uwa abinci, a nemi shawarar likita. Mafi kyau ku je tare da ita ku ji bayanin tazarar haihuwa, don masana lafiya sun ce a bari yaro ya kai shekara 2 kafin a ɗauki wani ciki.

Ka karanta wa maƙwabcinka wannan takarda, ka kuma sa a karanta wa matan gidanka. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka.