Janye Jiragen Ceto daga Bahar Rum da Abin da Ya Haifar

Alƙaluman hukumar IOM mai lura da ƙaurar jama'a sun nuna cewa fiye da mutum 30,000 sun mutu ko sun ɓace a Bahar Rum tun daga 2014, kuma lissafin bai haɗa da waɗanda hamada ta cinye ba. Alhakin kaso mai yawa na wannan asara yana wuyan gwamnatocin Turai, waɗanda suka janye daga aikin ceto da gangan. Batun bai yi wa mutanen Kankiya da Kusada nisa ba, domin titin Kano zuwa Katsina da ya ratsa Kankiya shi ne ke kaiwa Jibiya da Maraɗi, daga nan a nufi Agadas da Sabha, kuma tun da Nijar ta soke dokarta ta 2015 mai haramta safarar baƙin haure a Nuwamban 2023, motocin Agadas suka koma lodi a sarari.

Dokar teku ba ta da ruɗani a kan wannan. Yarjejeniyar bincike da ceto ta 1979 da dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 sun wajabta wa kowane matuƙin jirgi ya agaza wa wanda ke cikin haɗari ba tare da tambayar ƙasarsa ko takardunsa ba, sannan a sauke shi a wurin aminci, wato inda ransa ba ya cikin barazana. Bayan kifewar jirgi kusa da tsibirin Lampedusa a ranar 3 ga Oktoba 2013, inda sama da mutum 360 suka mutu, Italiya ta ƙaddamar da shirin sojan ruwa mai suna Mare Nostrum, wanda ya tsamo mutane fiye da 100,000 cikin shekara guda. An rufe shi a ƙarshen 2014, aka maye gurbinsa da shirin Triton na hukumar Frontex mai tsaron iyakokin Tarayyar Turai, wanda kuɗinsa bai kai na Mare Nostrum ba, jiragensa kuma suka tsaya kusa da gaɓar Italiya. A Afrilun 2015 jirgi ɗaya ya nutse da mutane wajen 800.

Mataki na biyu ya fi wannan muni. A Fabrairun 2017 Italiya ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Libiya da ke Turabulus, ta ba dakarun tsaron gaɓar tekun Libiya jirage da horo, a 2018 kuma aka amince wa Libiya da yankin ceto nata a teku. Dabarar a fili take: kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci a 2012 cewa Italiya ta saɓa doka da ta mayar da mutane Libiya da jiragenta, saboda haka sai aka nemo wanda zai yi aikin a madadinta. Wanda aka tsamo ta wannan hanya gidan tsare mutane ake kai shi, inda rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya suka tabbatar da duka da fyaɗe da karɓar kuɗin fansa, kuɗin da 'yan'uwa a gida ke sayar da gona ko dabba su haɗa. Jiragen ƙungiyoyin agaji da suka cike giɓin su ma an ɗaure musu hannu, domin dokar da Italiya ta kafa a Janairun 2023 ta tilasta wa jirgi ya kama hanyar tasha da zarar ya yi ceto ɗaya, kuma sau da yawa tashar da ake ba shi tana can arewacin ƙasar, tafiyar kwanaki daga inda jiragen roba ke nutsewa.

Masu goyon bayan janyewar suna cewa jiragen ceto su ne ke kwaɗaita wa mutane shiga teku, kuma gaskiya ne masu safara sun riƙa cusa mutane a jiragen roba marasa ƙwari da ɗan man da ba zai kai su ko'ina ba. Sai dai alƙaluma ba su mara wa hujjar baya ba: mutum 170,000 suka isa Italiya ta teku a 2014 lokacin Mare Nostrum, amma a 2016, bayan rufe shi, adadin ya haura 180,000, 'yan Nijeriya ne kan gaba da kimanin 37,000, mamata kuma a duk faɗin Bahar Rum suka zarce 5,000.

Galibin Hausawan da ke bin hanyar Agadas ci-rani ke kai su Libiya ko Aljeriya, kamar mutum 92 da aka tsinci gawarwakinsu a hamadar Nijar a Oktoban 2013, yawancinsu mata da yara daga Kance ta jihar Damagaram. Amma wanda ya rasa aiki ko ya faɗa hannun 'yan bindiga a Libiya yakan ga teku ta fi masa hamada kusa, kuma teku ce ta ci 'yan matan Nijeriya 26 da aka binne a Salerno ta Italiya a Nuwamban 2017, waɗanda biyu kacal aka iya gane sunayensu a lokacin jana'izar.